Eriyar da na Riƙe a Juye

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Kaka? Ni lafiya lau, sauron Kiruna ne kawai.

Ranar Asabar mun fita farautar dila, ƙaramin rediyon nan da ake ɓoyewa a daji. Vidar, ɗan maƙwabta, ya zauna kusa da ni a mota, hankalina ya koma kansa, sai na riƙe eriyar neman rediyon a juye. Dila na yamma, na kai mu gabas, har cikin fadama. Kawu Ingvar ya ce, "Gimbiyar littattafan soyayya, daga yau gadin kofi ne aikinki!"

Na ɗan yi kuka, amma na roƙe shi dama ɗaya, ya yarda. Don Allah aiko min takalmana na roba. Wannan karon ko Vidar ya yi min murmushi, ba zan ɗago ba sai dilan nan yana hannuna.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Tuva