Gurnanin Da Ke Cikin Faifanka

Zuwa ga aminina Hamisu,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai maka wannan takarda, amma ka fi kowa cancantar jin labarin nan.

Hamisu, faifanka lafiyarsa ƙalau! Wancan na Turawa da ka saya a Maraɗi muna samari, mai gurnani kamar injin nika. Ka tuna yadda muka ɗora shi a garmaho, jitar ta fara karkarwa, ka ce an sayar maka da ruɓaɓɓe? Har ka koma Maraɗi ka zazzage Malam Idi mai faifai a gaban jama'a.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da muka dawo, ni na riƙe faifan a bayan kekenka. Da ka shiga wajen 'yan kwastan, ya suɓuce mini ya faɗi a kan dutse. Na share shi da riga, na yi shiru. Ka tafi kabari ina ɗauke da wannan. Me ya hana ni magana ko da kana kwance a asibiti? Tsoro ne kawai.

To, an kawo mana sabon ɗan kwastan daga Ikko, wanda ya yi karatu a Amurka. Jibiya ta cika da manyan motoci yanzu, kowa da rediyonsa, shagona ba ya rabo da gyara. Shekaranjiya ɗan kwastan ɗin ya kawo rediyonsa gyara, ya tarar na sa faifanka. Mutumin nan da kakinsa ya hau rawa! Ya ce baƙaƙen fata ne suka yi waƙar, ba Turawa ba. Kuma ka san me suke yabo? Mota! Mu da muka rantse waƙar soyayya ce, har kana rera wa Ladi ita kafin ku yi aure.

Sai na tambaye shi dalilin gurnanin. Ya ce a hanyar mawaƙan ta zuwa ɗaukar waƙar, akwatin lasifikarsu ya faɗo daga mota ya tsage. Suka cusa masa takarda, suka buga haka nan. Mai ɗaukar ya ji sautin ya ce a bar shi. Duk faifan waƙar nan da ke duniya haka yake gurnani, kuma saboda shi ake son waƙar.

Na yi dariya har na yi kuka a gaban baƙo.

Jiya na rufe shago na tafi Maraɗi. Malam Idi ya tsufa, ido ya tafi, amma ya tuna ka sarai. Na roƙa maka gafara, na roƙa wa kaina. Ya ce ya yafe mana, ya kuma yi maka addu'a mai tsawo.

Saura kai. Ka yafe mini, Hamisu. Allah ya haskaka kabarinka.

Naka har mu sadu,
Sule mai gyaran rediyo, Jibiya