Danshin Ɗakina

Daren Laraba, tsakiyar damina, Unguwar Shanu

Rubuta, Habiba, kar ki gyara min magana. Yau uban naki ya kawo wani baƙo ɗakina, suna shafa bango suna ta "damp, damp" da Turanci. Ke kika ce min danshi ke nan, irin na tufa kafin guga, ko ƙasa bayan yayyafi. Yo kowace damina kaskon garwashi nake jingina wa bangon nan ya bushe. A ɗakin nan na yi jegon uban naki. Wai zai mai da ni Rafin Guza don lafiyata. Amma da idona na ga baƙon yana auna inda zai fasa ƙofar shago. Su kayan shagon danshi ba ya kama su?