Sarkin da Ke Ajiye Kofi Biyu

Zuwa ga jikata, amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki na jami'a. Albishirinki! Wannan rubutun hannuna ne, ba na yaron maƙwabta ba. Tsohon tela ya iya biro bayan allura. Malamin makarantar yamma ya ce ranar da za a sallame mu kowa zai karanta shafi ɗaya a gaban jama'a. Ni kuwa na sauko da babban littafin nan na tarihin mutanen da, wanda kike karanta mini kina ƙarama, bayan rasuwar kakarki. Zan karanta labarin sarkin da matarsa ta rasu, ya ci gaba da ajiye kofi biyu kowace safiya, kuma ba wanda ya ce ya zautu. Na gayyaci wanzami da duk 'yan majalisar shagona, su da ke yi mini dariya kan kofin kakarki da har yanzu nake ajiyewa. A ranar za su ji da kunnensu. Wane shafi ne? Na duba ban gani ba tukuna.

Angonki mai farin ciki,
Kaka

Zuwa ga Kaka, tsoho mai ran ƙarfe,

Na yi kuka da na ga rubutunka, har abokan aiki suka taru a kaina. Allah ya ƙara basira. Amma littafin nan ya yi maka nauyi, ga rubutunsa ƙanana, ga idonka. Zan aiko maka da wani mai manyan baƙaƙe, akwai labarai masu daɗi a ciki. Ka bar wancan sai na zo mu duba tare.

Taka har kullum,
Jikarka

Jikata,

Bayan gaisuwa. Ban bar shi ba. Na bi shi da yatsa daga bango zuwa bango, kalmar da ta gagare ni malam ya warware mini. Akwai yaƙe-yaƙe, akwai dokokin kasuwa, akwai babi guda a kan harajin hatsi. Sarki mai kofi biyu babu shi. Malam ma ya tafi da littafin gida, ya dawo yana sunkuyar da kai.

Shekara da shekaru in aka zolaye ni, sai in buga ƙirji in ce yana cikin littafi. Har ɓatawa na yi da wanzami a kan wannan magana. Ban iya karatu ba, na ba ki amanar idona. Kin girma, kin zama malamar tarihi, kin sha zama kusa da ni ina ba baƙi labarin, kina gyaɗa kai. Wa ya taya ni makoki duk tsawon lokacin nan?

Kaka

Kakana,

Ina durƙushe nake rubuta wannan. Shekarata goma a lokacin, kalmomin sun fi ƙarfina, kai kuma ka daina cin abinci, sai na ƙirƙiro maka sarkin. Da na girma na ga kana riƙe da sarkin kamar sanda, sai na kasa fizge ta. Ka yi haƙuri. Ka bar ni in zo ranar sallamarku, in tsaya a gaban wanzami in faɗa da bakina.

Jikarka mai neman gafara

Jikata,

Ba sai kin zo ba, an yi taron jiya. Na karanta musu shafin harajin hatsi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, aka tafa. Da muka fito wanzami ya riƙe hannuna ya ce, "Tela, ina sarkin naka?" Na ce ban kai shafinsa ba tukuna.

Ban taɓa yi wa littafi ƙarya ba sai da na iya karatu. Ki gaida mijinki.

Kaka