Jan Maɓallin da Ya Ƙi Dannuwa

Illela,
Litinin, 14 ga Oktoba, 1985.

Zuwa ga Yelwa, sanyin idanuna, furen badon tafkin Kalmalo, ruwan farkon damina mai sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira, wadda sunanta kaɗai ke isa ya jiƙa mini maƙogwaro.

Bayan sallama da gaisuwa wadda ta fi yashin da ke tsakanin Illela da Ƙonni yawa, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan. A tsaye nake yin sa, a kan teburin shago, don tun jiya na kasa zama. Na fita bakin titi na dawo ya fi sau goma, na ƙona yatsa da ƙarfen liƙa waya, na mayar wa wani dattijo rediyonsa babu eriya. Wayyo Yelwa! Na yi miki laifi, kuma laifin na wauta ne, irin wanda ko dariya aka yi mini ba ni da bakin magana.

Kin tuna Kalmalo, kafin Baffanki ya kwashe ku zuwa Ƙonni? Kin tuna lakar bakin tafki da muke ɗiba a ƙoƙo? Ni ke ƙera shanun, ke kike kafa musu ƙaho da farar ƙaya, mu binne su a tokar murhun Innarki su gasu. Duk wanda ya fito bai tsage ba sai kin raɗa masa suna, kuma ba ki yarda a kira shi da wani. Ga marafan kwalba da muke tsinta ranar kasuwa. Idi ɗan maƙwabtanmu sai mun ba shi goma na Nijeriya yake sakin ɗaya na Nijar, kika yi kwana uku ba ki yi masa magana ba saboda wani kore mai hoton raƙumi. Mun tara arzikinmu kaf a gwangwanin madara. Ranar da aka ɗaure kayanku a mota, kina shekara goma, kika dangwara mini shi a ƙirji, kika ce in riƙe miki amana har ranar da za mu buɗe shi a ɗaki ɗaya. Shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin gadona. Ɓera bai taɓa shi ba, damina ba ta jiƙa shi ba, sai ni da hannuna na mayar miki da shi makon jiya kamar wanda ke zubar da shara.

Ki saurari yadda aka yi, ya hasken zuciyata, ko da ba za ki yafe ba.

Tun da aka rufe iyaka bara ban sa ki a ido ba, ga Ƙonni nan kusa kamar in miƙa hannu. Shi ya sa na haɗa miki kaset ɗin nan. Mako uku ina tsugune gaban rediyo, yatsa a kan maɓalli, ina jiran mai gabatarwa ya rufe bakinsa in kama waƙa daga farkonta. Wata daga Kaduna, wata daga Yamai, wata sai da na riƙe eriya da hannu kafin ta fito fes. Waƙa tara na jera miki, daga mai sa murmushi zuwa mai sa ƙwalla. A ƙarshensu na saka muryata, na tambaye ki abin da na daɗe ina haɗiyewa: in turo magabatana wurin Baffa? Ɗaya gefen na bar shi fari tas, na ce ki zuba amsarki a ciki.

Da Maccido, ɗan wan Baffanki, ya dawo da shi ta hanyar daji a kan babur ɗinsa, ko gaisawa ba mu gama ba na zura shi a rakoda ta gefen amsar. Minti talatin ina saurare, babu komai sai shuuu. Na mayar da zaren da biro, na sake. Na canza batir, na manna kunne. Shiru! Maccido ya ce kin ce in duba abina da kyau, ni kuwa da kunne na yi ta dubawa, ban taɓa ɗaga shi na kalla ba. Zuciya ta ce mini wannan shirun shi ne amsa, an ƙi ka cikin ladabi. Na yi fushi irin na yaron da aka hana wasa, na jawo gwangwanin, na ce ya kai miki kayanki.

Jiya Lahadi, kasuwa ta cika, Hamidu mai canji ya kawo rakodarsa in gwada. Na ce bari in shafe kaset ɗin nan in huta da ganinsa. Na danna jan maɓalli, ya ƙi. Na ƙara ƙarfi, ya ƙi. Har na ɗauko sukundireba zan farke wa bawan Allah rakodarsa mai lafiya, sai idona ya kai saman kaset ɗin. Akwai wasu 'yan kunnuwa biyu a wurin, waɗanda idan aka karya su kaset ba ya ƙara ɗaukar magana. Nakan karya wa masu saye don kada yara su goge musu waƙoƙi. Na so in karya na gefen waƙoƙin kawai, hannu ya bi sabo ya karya duka biyun. Ni Jibril, mai gyaran rediyo, mai allo a ƙofar shago, ni na toshe miki baki sannan na yi fushi don ba ki yi magana ba!

Maccido ya same ni riƙe da kai, ya ce, "Mi yas same ka?" Da na nuna masa, bai yi dariya ba. A nan ya gaya mini kin ari rakodar ƙawarki Hindatu, ta ƙi, kin aika an aro wata a unguwar gaba, ita ma ta ƙi, har sababbin batira kika sa aka sayo. Ya ce kunya ce ta hana ki ba shi amsar da baki, shi da yake yayanki. Sannan ya faɗi wadda ta fi muni: Goggo Hajjo, wadda ta daɗe tana roƙon a ba ta ke ki zauna da ita a Tawa, can cikin Nijar, kina ƙi, ranar da gwangwanin ya iso kika ce kin yarda. Jumu'ar nan za ku tafi.

Kwana huɗu ke nan, Yelwa! Ina Tawa, ina Illela, ga iyaka a rufe? Wa zai kai mini saƙo can? Yaya zan yi da hotonki da na kasa cirewa daga ido, kina zaune kina danna maɓallin nan da yatsunki masu lalle, kin shirya maganarki, kina zaton rakoda ce ta ci amanarki? Sau nawa kika gyara murya? Me kika so ki faɗa? Wallahi wannan tambayar ta hana ni cin tuwo, ta hana ni sanin raka'ar da nake ciki. Kuma ki zazzage gwangwanin ki gani, bai cika ba. Bijimin nan mai karyayyen ƙaho da kika sa wa Ɗan Baƙi yana aljihuna. Ko a tsakiyar fushin hannuna ya ƙi sakinsa.

Ga kaset ɗin na sake ba Maccido tare da wannan takarda. Na liƙe ramukan da salatif, na gwada a rakoda uku, ya ɗauka. Tarin da za ki ji a farko nawa ne, ki hau kansa ki shafe. Ban ce lallai ki fasa tafiya ba, ba ni da wannan fuskar bayan abin da na yi. Abu ɗaya nake roƙo, don girman Allah: kada ki hau motar Tawa ba ki danna jan maɓallin nan ba. Idan amsar da kika shirya tun farko tana nan, kawuna ya riga ya sa an wanke babbar rigarsa. Idan kuwa na kashe ta da hannuna, to ki zage ni, ki kira ni sakarai, ki ce a'a, amma ki faɗa da muryarki. Zan karɓa, zan yi ta saurara har zaren ya tsinke, in ƙulla shi in sake.

Laraba Maccido zai dawo. Tun hantsi zai same ni tsaye a bakin hanyar da yake ɓullowa, da rakoda a hammata.

Naki jiya, naki yau, naki ko amsar ta zo da daɗi ko da ɗaci, har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Jibril.