Na Tayar da Kwamfutar Makaranta, Na Kwantar da ta Maigidana

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki agaza mini da shawara cikin gaggawa, murna da tsoro ne suka haɗe mini, har na rasa da wanne zan fara.

Ni ce mai buga takardu a wata makarantar firamare, shekara goma sha tara ke nan, tun zamanin tafireta. Shekaruna hamsin da biyu. Iyakar sanina da kwamfuta shi ne in buga, in fitar a firinta. In ta yi gardama sai a kira Injiniya, wani bawan Allah mai shago a bakin titi da ke duba mana na'urori. To ni ina da wata ɗabi'a. Duk sa'ad da ya zo sai in tsaya a bayansa kamar mai jiran ya gama, alhali yatsunsa nake kallo. Yana fita in ɗauko wata tsohuwar rajista in rubuta: ya danne kaza, allo ya nuna kaza. Bai taɓa sani ba.

Talatar makon jiya aka kawo mana sabuwar firinta, wanda ya kawo ta ya saka manhajarta. Laraba da safe na kunna kwamfuta, na sa kalmar sirri, sai allo ya yi baƙi ƙirin, 'yar kibiyar nan kaɗai ke yawo. Anti, sakamakon jarrabawar yara ɗari uku da sha ɗaya yana ciki, kusan wata guda na yi ina shigar da shi, ga shi Juma'a iyaye za su zo karɓa. Injiniya ya zo a birkice, mahaifiyarsa na kwance a asibiti, wayarsa sai ƙara take. Ko minti biyar bai yi ba ya ce sai dai a goge komai a sake zubi, zai dawo gobe. Shugabar makarantarmu ta zauna daɓas a kan benci ta riƙe kai.

Da kowa ya watse na rufe ƙofa, na buɗe rajistata. Sai ga inda na rubuta shekara biyu da suka wuce: a danne maɓallin Shift, kada a saki, a taɓa wurin sake kunnawa. Na kashe kwamfutar na sake kunnawa, a shafin kalmar sirri na yi haka. Sai ga wani shuɗin allo da zaɓi iri-iri! Na bi rubutuna layi-layi har inda na ce a danna 4. Wallahi Anti, ta tashi! Komai ya yi manya-manya, ba ado, kamar majinyacin da ya samu ya tashi zaune. Ashe shi ne abin da masu gyara ke kira sef-mod. Na kwashe sakamakon a filash, na cire manhajar firintar, na sake kunnawa, ta dawo garau. Ihun da na yi sai da maigadi ya rugo da sanda, ya ɗauka lantarki ne ya ja ni. Shugaba ta rungume ni har tabarauna ya faɗi.

Tun daga ranar ban taka ƙasa ba. Malamai suna kirana Babbar Injiniya. Kwamfutar malamar lissafi ta sandare, na danna mata Ctrl da Shift da Esc, na rufe abin da ya maƙale, ta ce hannuna na da albarka. Ban taɓa jin daɗin aiki irin haka ba, ji nake kamar an mayar da ni 'yar shekara ashirin. Ko ina wanke-wanke maɓallai nake lissafawa.

Ga inda matsalar take. Shugaba ta ce ƙarshen watan nan za ta sallami Injiniya, tunda ga ni. Na yi murmushi kawai, ban ce mata a hannunsa na tsinci komai ba, ban kuma ce abin da na sani bai cika shafi uku ba. Mutumin nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, ko ranar da na zubar da shayi a kan maɓallai.

Matsala ta biyu ta fi muni. Maigidana ya yi tafiya wurin ƙanwarsa, ya bar kwamfutarsa ta hannu. Ya daɗe yana ƙorafin nauyinta wajen tashi, sai na ce bari in ba shi mamaki. Asabar da rana na kunna ina ta danna F2 kamar yadda na taɓa ganin Injiniya ya yi. Wani allo ya fito da ban taɓa rubuta bayaninsa ba. Na sauya layi biyu da suka yi mini kama da na sauri, na danna F10. Yanzu in an kunna, rubutu layi ɗaya take nunawa ta tsaya. Tsohon ma'aikacin jinya ne, shekara biyu yana rubuta littafi don masu koyon aikin, kuma duk yana ciki. Na naɗe ta a zane na tura ƙasan akwati. Mako mai zuwa zai dawo. Jiya a waya har yaba mini ya yi kan abin makaranta, na ce masa ai ƙaramin abu ne.

Anti, ya zan yi? Kuma don Allah kada ki ce in daina, domin ba zan iya ba.

Taki,
Mai Ƙaiƙayin Yatsu

*

Wa alaikumus salam, Mai Ƙaiƙayin Yatsu.

Da farko barka, kuma da gaske nake. Kin lura, kin rubuta, kin kwashe aikinki a filash kafin ki taɓa komai. Mai gyara na ƙwarai ma haka zai yi. Ba zan ce ki daina ba.

Kwantar da hankalinki kan littafin maigida. Allon da F2 ke buɗewa a kwamfutoci da yawa shi ne inda ake gaya wa na'ura ta ina za ta tashi. Sauya layi a can yakan ɓatar mata da hanya, amma ba ya goge rubutu. Galibi akwai wurin mayar da saitin yadda yake tun asali. Sai dai ban ce ki gwada ba, domin maɓallan sun bambanta daga na'ura zuwa na'ura, kuma ba ki rubuta abin da kika sauya ba. Ki fito da ita daga akwati, ki kira maigidanki yau ki gaya masa. Zai yi faɗa, yana da gaskiya, kayansa ne kuma ba ki tambaye shi ba. Amma gara ya ji daga bakinki da ya dawo ya tarar da ita cikin zannuwa.

In ya amince, ki kai wa Injiniya da kanki, ki ce a fara kwashe littafin. Ki tafi da rajistarki ki nuna masa. Ki tambayi jikin mahaifiyarsa kafin komai.

Shi ma yana da nasa laifin. Bai kamata ya yanke hukuncin gogewa cikin minti biyar ba, kuma Shugaba na da dalilin jin haushi. Amma rana ɗaya ce cikin shekaru, ranar da hankalinsa ke asibiti, kuma dabararsa ce ta ceci makarantar, ta hannunki. Ki faɗa wa Shugaba haka kafin ƙarshen wata. Ki ba ta shawara a raba aikin: ƙananan matsaloli naki, manya nasa, ya kuma riƙa koya miki a fili. In kika yi shiru aka sallame shi, ran da babbar matsala ta zo ke za a kalla, kuma babu wanda za ki tsaya a bayansa.

Sai ƙa'ida biyu. A shuɗin allon nan da ya faranta miki akwai zaɓin da ke share komai, don haka kada ki danna abin da ba ki san ma'anarsa ba. Kuma kowace Juma'a ki kwafe aikin makaranta a wuri na biyu.

Ki nemi ajin koyon gyara na ƙarshen mako ki shiga. Za ki tarar duk kin girme su, kuma ina kyautata zaton za ki riga su ganewa. Allah ya tayar da kwamfutar maigida lafiya, ya sanyaya zuciyarsa, ya ba mahaifiyar Injiniya sauƙi, ke kuma ya ƙara miki basira.

Anti