Ɗana Ba Shi Da Sarki

Zuwa ga Hajiya Shugabar Kwamitin Tallafa wa Yara Masu Buƙata ta Musamman na yankin Rano da Kibiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki da sauran 'yan kwamiti, ina yi muku sannu da ƙoƙari kan ajin da kuka buɗe wa yara masu lalura a Rano, har da a-daidaita-sahun da ke ɗauko su daga ƙauyuka. Aiki ne mai kyau, kuma kyansa ne ya hana ni barci.

Ni mutuniyar Durba ce, ina koyarwa a islamiyyar unguwarmu. Ɗana Mansur shekararsa tara. Likita a Kano ya ce abin da ke tare da shi sunansa otizim, wanda wasu ke kira galahanga. A garinmu kuwa ɗan ruwa ake ce masa, ko mai iska. Kalmomin bakinsa ba su da yawa, ba ya haɗa ido da mutum, ƙara tana gigita shi. Amma in kika gan shi a tsaye, dogo ne, fes da shi, ba za ki ce wani abu na damunsa ba. Ga kokena.

Na farko, yadda kuka zaɓi yara. Kun bi tsarin da muka gada, cewa kowane yaro sai sarkin masu irin lalurarsa ya gabatar da shi. Ranar tantancewa, bayan babbar salla, na tarar da sarakunan a farfajiya, kowa da inuwarsa da jama'arsa. Na fara da Sarkin Makafi. Dattijon kirki ne, ya shafa fuskar yaron, ya yi masa addu'a, ya ce wannan ba nasa ba ne. Sarkin Guragu ya ga Mansur ya fizge hannuna ya zagaya fili da gudu, ya yi dariya ya ce in yana da irin waɗannan ƙafafun da tuni ya ajiye rawani. Na ƙarasa wurin Sarkin Bebaye da ƙarfin gwiwa, tunda yaron ba ya magana sosai. Sai wani daga mutanensa ya zagaya bayan Mansur ya buga murfin kwano daidai kunnensa, wai gwaji. Yaron ya kurma ihu, ya toshe kunnuwa, ya faɗi yana buga kansa da ƙasa. Aka ce ai ga shi nan, ya fi kowa ji. Ban ga laifin sarakunan ba, kowa iyakar gonarsa ya tsare. Wani ɗan kwamitinki ne ya ƙona mini rai, da ya dube ni a gaban mutane ya ce ko dai rashin kwaɓa ne ko aljanu, in kai shi wajen masu ruƙiya, nan ba wurinsu ba ne. Na goya ɗan shekara tara a bayana har bakin titi.

Na biyu, zan faɗa miki abin da mace ba ta son faɗa. Kishi nake yi, Hajiya. Kishi mai cin rai. Maƙwabciyata Talatu aminiyata ce tun muna 'yan mata, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Yarta Hafsa shan inna ya shanye mata ƙafafu, kuma ta samu gurbi, Allah ya sani ta cancanta. An ba ta keken guragu sabo, da riga da hijabi na makaranta. Kullum da safe a-daidaita-sahunku yana tsayawa a ƙofarsu, direba ya sauko ya ɗaga ta da hannunsa, mata suna leƙowa suna cewa Allah ya yi albarka. In Talatu ta shiga gidan suna, wuri ake matsa mata, ana yi mata sannu da ɗawainiya. Ni in na shiga da Mansur, kwanuka ake janyewa, uwaye su kira 'ya'yansu kusa. Ita an san jarrabawa ce ta same ta. Ni kuwa ana ganin tarbiyya ce na kasa.

Ran nan ta shigo da murnarta tana nuna mini yadda Hafsa ta rubuta sunanta da kanta. Na ce barka, amma bakina kawai ya faɗa. Da ta fita na zauna ina kallon ƙafafun ɗana, lafiyayyu, sai na ji zuciyata tana cewa ina ma a ƙafa abin ya same shi, inda kowa zai gani. Na yi istigfari har na gaji. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma ba na son a karɓe wa Hafsa ko da fensir. Amma ki duba inda tsarinku ya kai uwa, har take yi wa ɗanta sha'awar gurgunta. Yanzu in na ji motsin Talatu sai in shige ɗaki, ita kuma ba ta san laifin da ta yi mini ba.

Na uku, shi ne dalilin gaggawata. Kakansa na wajen uba, Malam Babba, ya yanke cewa da an gama girbin dawa za a kai Mansur gidan wani malami da ke sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Yaron ya taɓa sulalewa aka tsinto shi a bakin kududdufi, kuma tsohon bai san wata hanyar tsare shi ba. Da damina na durƙusa na roƙe shi ya dakata, na ce masa gwamnati da masu taimako sun buɗe makarantar irinsu. Da aka dawo da mu, sai ya ce to ga shi, su ma masu ilimin sun ce iska ce. Maganar ɗan kwamitinki ita ce hujjarsa yanzu. Mahaifin yaron ba ya iya musu da mahaifinsa, kuma dawa ta riga ta fara sunkuyar da kai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da murfin kwano ya kayar da shi, ki yi tunanin halin da zai shiga da ƙarfe a ƙafa cikin ihun baƙi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A buɗe wata ƙofa ga yaran da ba su da sarki, ma'aikacin lafiya ya duba su a ɗaki shiru, ba a tsakiyar taro ba. Na tabbata ba Mansur kaɗai ba ne, don a ranar na ga wata mata daga Zurgu tana yawon inuwa-inuwa kamar ni. Sannan a hana gwajin buga kwano. Na ƙarshe, ki turo wani babba daga kwamitinki ya zauna da Malam Babba kafin girbi, ya gaya masa da bakinsa cewa jikansa ba mahaukaci ba ne kuma akwai gurbinsa. Daga gare ku zai ji, tunda daga gare ku ya ji ta farko.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya raya miki zuri'a, ya sa kada ki taɓa sanin irin wannan kishin.

Akwai abin da ban faɗa ba. Mansur yaro ne mai riƙe lokaci, abin da ya gani sau biyu ya zauna masa. Tun makon da aka fara ɗaukar Hafsa, ba wanda ya koya masa, kullum da safe sai ya sa takalmansa ya fita ƙofar gida ya tsaya. A-daidaita-sahun ya zo, ya ɗauke ta, ya juya. Shi kuma ya bi shi da kallo har ya ɓace, sannan ya shigo ya cire takalman ya jera su a bakin ƙofa. Gobe ma zai fita. Ina roƙonki, kafin a sa wa ƙafafun nan mari, wata safiya a ce masa ya hau.

Wassalam.

Taki cikin girmamawa,
Mahaifiyar Mansur, daga Durba.