Lakar Tafkin Garinmu

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum, sallama irin wadda ake yi wa waɗanda suka riga mu kwanciya. Ban taɓa rubuta maka wasiƙa ba kana da rai. Yau da ba ka da inda za a kai maka ita, ga ni riƙe da biro. Ƙanwarka Rabi ta ce za ta sa ta a waya, inda jama'a za su gani. To, su gani.

Tun ina saurayi na ji wata magana a bakin masunta, wai laka ba ta mantuwa. Wai in tafki ya ƙafe, ko shekara nawa ya yi a bushe, irin duk abin da ya taɓa tsirowa a cikinsa yana nan kwance, ruwa kawai yake jira. Na sake jin ta wurin wani makiyayi a hanyar Roni. Mu da tsofaffi suka raina da tatsuniya, mun san ƙanshin ƙarya tun daga nesa. Ban yarda ba.

Akwatin gilashinka na kifi yana nan a gindin taga. Ka bar shi kore shar, ciyayi na lilo a cikin ruwa, 'yan kifaye goma sha ɗaya suna ɓuya a tsakaninsu. Wata biyu bayan zazzaɓin nan ya ɗauke ka, ciyayin suka soma narkewa. Ban san dalili ba. Ban san daga ina ka samo su ba. Yaya zan sani?

Ka san al'adar gidanmu. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya tsayawa kallon aikin hannunsa. Haka kakanka ya yi mini, haka na yi maka. Shekara talatin da ɗaya ina ce maka "kai", in kuwa ba ka nan, "wancan mai kifin". Sai ka fita wurin aiki nake jawo kujera in zauna gaban gilashin, kamar ɓarawo a gidan kansa.

Mahaifiyarka ta ce mini, "Malam, ba zan iya kallon abin nan yana mutuwa a hankali ba. Sau ɗaya ya ishe ni. In ba za ka iya raya shi ba, a bayar." Na ce ta ba ni zuwa ƙarshen damina.

Na hau mota daga nan Kazaure na tafi Kano neman iri. Wani mai shagon kifin ado ya miƙo mini 'yar leda mai hoton ciyawa luf-luf kamar darduma. "Baba, wannan daga waje yake, ko a kan dutse ka zuba sai ya fito." Bai yi ƙarya ba, a kwana biyar ya fito. Har na kira mahaifiyarka ta gani, ina ta ƙasaita kamar ni na halicce shi. Sati uku bayan nan ya ruɓe a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya koma kamar ruwan kamu. Ashe ba ciyawar ruwa ba ce, irin tudu ne aka sa wa hoto. Da hannuna na tsame kifaye takwas matattu. Na haƙa musu rami a bayan ɗaki, ban bar kaji sun gani ba.

Saura uku.

Ina wanke gilashin ne na ga abin da ke ƙarƙashin yashin da ka shimfiɗa: baƙar laka. Na shinshina ta. Ɗana, sai da na dafa bango. Warin tafkin garinmu ne, can bayan Gwiwa, inda muka yi iyo da 'yan'uwana waɗanda yanzu duk suna inda kake. Tafkin da ya daina tara ruwa tun da aka yi titi aka tare masa hanya.

Washegari na hau babur ɗin haya na je. Ƙasa ta tsage kamar tafin ƙafar manomi. A tsakiya na tarar da 'yan ramuka, guda shida ko bakwai, kowanne faɗin kwanon sha, a jere, an yanke gefensu tsaf. Aikin hannunka ne. Haka kake yanka komai, har sabulu.

Wani tsoho mai kiwon awaki ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Akwai wani yaro daga Kazaure da yakan zo ɗibar ƙasar nan. Kullum sai ya ce babansa ɗan garin nan ne, ya faɗi sunan uban yana murmushi. Ya daina zuwa." Na ce masa ka rasu. Ya yi salati, ya ɗaga hannu zai yi maka addu'a, ya ce, "Mene ne sunansa ma?"

Bakina ya ƙi buɗuwa. Ya jira, ya jira. Daga ƙarshe ya yi addu'arsa ga "bawan Allahn nan", ya kora awakinsa.

Na ɗebo lakar a buhu. Na marmashe ta a faranti, na rufe da wankakken yashi, na zuba ruwa tsayin gaɓar yatsa, na ajiye inda ranar safe take taɓawa. Kwana goma sha tara babu komai sai sauro. Mahaifiyarka ta daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. Rannan da hantsi sai ga wasu zarurruka kore, siraran gaske. Bayansu wani ɗan ganye ja-ja, kamar harshen tsuntsu. Bado ne. Rabona da badon tafkin nan tun ina da baƙin gashi.

Na dasa su a cikin gilashin da tsinke. Sun kama. Kifayen nan uku sun sami wurin ɓuya. Jiya na iske mahaifiyarka zaune a kujerar da nake sata in zauna. Ba ta ce a bayar ba. Cewa ta yi, "Matso da labulen, rana ta yi musu yawa."

Allah Ya jiƙan ka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa ka a inuwar da ƙoramu ke gudana ƙarƙashinta. Ya yafe wa uban da ya ɗauki shiru a matsayin tarbiyya.

Saura abu ɗaya. Maganar lakar nan, ba makiyayin Roni ne na ƙarshe da ya faɗa mini ita ba. Wata la'asar ka shigo da buhu a bayan babur, ina kan tabarma da rediyo. Ka tsaya kusa da ni, amma mahaifiyarka ka fuskanta, don ka san ƙa'ida. Ka ce, "Inna, ki gaya wa Baba, ƙasar garinsu ce wannan. Duk abin da ya gani yana yaro yana nan a cikinta, in yana so in nuna masa." Na ji ka sarai. Na ƙara wa rediyon murya.

Wanda ya faɗa mini daga ƙarshe, sunansa Iliyasu.

Iliyasu. Iliyasu, ɗana.

Ni ne,
Mahaifinka.